Ƙawance, Haɗaka da Maja: Kalmomin Haɗa Kan Ƙananan Jam'iyyu a Zaɓen Ƙananan Hukumomi, Misali Daga Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato akan ji shugabannin ƙananan jam'iyyu suna shelar cewa sun ƙulla ƙawance, ko sun yi haɗaka, ko kuma suna shirin yin maja. Masu fassara labarai a gidajen rediyo da jaridu sukan ɗauki waɗannan kalmomi tamkar masu ma'ana ɗaya, su sa wadda ta fara zo musu a baki. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa kowace daga cikinsu tana ɗauke da alkawari dabam dangane da matsayin waɗanda suka haɗu. Za a kuma nuna cewa kalmar da aka fi amfani da ita, wato ƙawance, tana alkawarta daidaito wanda takardar ƙuri'a ba ta tanadar masa gurbi ba. An ɗauki garuruwan Nguru da Gashuwa na arewacin Jihar Yobe a matsayin fagen nazari, domin a can Hausa ce harshen sasantawa tsakanin al'ummomin da akasarinsu ba ita ce harshen iyayensu ba.

2.0 Yanayin Harshe a Garuruwan Biyu

Nguru tsohuwar mazaunin Galadiman Barno ce, a ƙasar Mangawa, waɗanda harshensu kari ne na Barbarci. Isowar hanyar jirgin ƙasa daga Kano a 1930 ta mayar da garin babbar kasuwar gyaɗa da shanu da fatu da ƙaro, ta kuma jawo fatake da 'yan ƙwadago daga Kano da Haɗeja da Damagaram da kudancin Nijeriya. Ita kuwa Gashuwa, wadda ke bakin kogin Yobe, ta zama hedikwatar Masarautar Bade bayan an taso daga Gorgoram a shekarun 1940. Badanci ɗan gidan Cadi ne kamar Hausa, amma bai yi kusa da ita yadda masu magana da su za su fahimci juna ba. Binciken Russell Schuh a kan harsunan Yobe ya nuna yawan kalmomin da Badanci ya aro daga Barbarci a zamanin da Barno ke da ƙarfi, da kuma yadda Hausa ta karɓe wannan matsayi a ƙarni na ashirin.

Sunayen mazaɓun kansiloli kansu shaida ne. Kowace daga cikin ƙananan hukumomin Nguru da Bade tana da mazaɓu 10. A Nguru akwai Hausari, wato kalmar Hausa da ɗafin Barbarci -ri mai nuna wurin zama, akwai mazaɓar Kanuri, akwai kuma Bulabulin, wadda ma'anarta a Barbarci ita ce sabon gari. A Gashuwa akwai Sarkin Hausawa, da Zango, da Katuzu, da wasu masu ɗauke da sunan lawanai, kamar Lawan Musa da Lawan Fannami. Ke nan mazaɓa a nan ba layi ne kawai da aka shata a taswira ba. Unguwa ce mai tarihin wanda ya fara zama da wanda ya zo daga baya. Jam'iyyar da ke da ƙarfi a wata unguwa tana iya rasa ko wakilin akwati a maƙwabciyarta, kuma wannan shi ne asalin buƙatar haɗa kai. In an zauna sasantawa tsakanin Bamange da Babade da Bafillace da Bahaushe, da Hausa za a yi, kuma da kalmomin Hausa za a sanya wa abin da aka cim ma suna.

3.0 Kalmomin da Ma'anoninsu

3.1 Ƙawance

Tushen kalmar shi ne ƙawa, wadda tsofaffin ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 suka bayyana da abokiyar mace. Abin lura na farko shi ne, Hausa tana da abota, wadda ta samu daga aboki, amma siyasa ba ta ɗauke ta ba. Ba a cewa jam'iyyu sun ƙulla abota don shiga zaɓe, sai dai ƙawance. Dalili kuwa yana cikin al'ada. Abotar maza takan samu ne da sannu, ta hanyar zama tare ko sana'a ko tafiya, ba a kuma sa mata ranar farawa. Ƙawancen mata na gargajiya kuwa ƙulla shi ake yi da niyya: a nema, a amsa, a yi musayar kyauta, jama'a su sani. Daga nan kowace tana da hakki a kan 'yar'uwarta a lokacin biki da suna da rashi, kuma abin da aka kawo wa mace yau bashi ne da za ta biya gobe, sau da yawa har da ƙari. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya bayyana wannan tsari filla-filla, ya kuma bambanta shi da dangantakar yaya da ƙanwar rana, inda babba ke ɗaukar nauyin ƙarama, ita kuwa ƙaramar ta saka da hidima da biyayya.

Saboda haka kalmar ta shigo siyasa da kayanta: ana ƙulla shi da gangan, masu yin sa tsarar juna ne, kowa yana nan a gidansa da sunansa, kuma ramuwar alheri wajibi ce. Aikatau ɗin da ke rakiyar kalmar sun tabbatar da haka:

(1) Sun ƙulla ƙawance da jam'iyyar adawa.
(2) Ƙawancensu ya warware kafin zaɓe.
(3) *Sun narke cikin ƙawance.

Jimla ta (3) ba ta karɓuwa, domin abin da aka ƙulla igiyoyi biyu ne da kowace ke nan da kamanninta. Akwai abin mamaki a nan da ya kamata a ambata a taƙaice: 'yan siyasar Arewa sun yi ta amfani da wannan kalma ta mata a zamanin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, ikon da ba su samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

3.2 Haɗaka da Gamayya

Haɗaka daga haɗa ta fito, kuma a kasuwa ta girma. Mutane sukan yi haɗaka su sayi buhun hatsi ko sa, ko su ɗauki shatar mota. Abin da aka haɗa shi ne dukiya, ba mutane ba, kuma rabo yana bin gwargwadon abin da kowa ya zuba. Babu alkawarin daidaito a cikinta, babu kuma alkawarin ɗorewa: an sayi sa, an yanka, an kasafta, kowa ya kama gabansa. Wannan kalma ce kafofin labarai na Hausa suka fi liƙa wa taron 'yan adawar da suka zaɓi jam'iyyar ADC a matsayin inuwarsu a watan Yuli na 2025. Gamayya kuwa ta fi zama kalmar ofis da takarda, ana amfani da ita ga majalisar jam'iyyu masu yawa da ke magana da murya ɗaya, irin CNPP wadda Alhaji Balarabe Musa ya daɗe yana shugabanta. Ita ma haɗin gwiwa ta fi dacewa da abin da ake yi bayan zaɓe, kamar gwamnatin da NPC da NCNC suka kafa bayan zaɓen 1959.

3.3 Maja

Wannan ararriya ce daga Ingilishi, an sarrafa ta yadda ta dace da tsarin gaɓar Hausa ta hanyar yar da baƙin ƙarshe, kamar yadda aka yi wa direba da kansila. Ta bazu ne a tsakanin 2011 da 2013, lokacin da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka rushe kansu suka zama APC, wadda aka yi wa rajista a ranar 31 ga Yuli, 2013. Hausa tana da haɗewa da narkewa, amma jama'a suka zaɓi baƙuwar kalma, wataƙila domin abin da take nufi baƙo ne: jam'iyya ta miƙa takardar rajistarta, ta bar tutarta da alamarta, ta daina wanzuwa. Ba a ƙulla maja, yin ta ake yi, ba a kuma warware ta, sai dai mutum ya fice.

3.4 Kalmomin Suka

Abokan hamayya ma suna da nasu. In suna son nuna cewa waɗanda suka haɗu ba su dace da juna ba, sai su ce haɗin gambiza ne, ko zaman doya da manja, ko zaman 'yan marina. In kuwa suna son jawo tausayin jama'a, sai su ce an yi musu taron dangi. Ƙananan jam'iyyun da sana'arsu ita ce fitowa daf da zaɓe su ɗaga hannun ɗan takarar gwamnati, su ake kira 'yan amshin Shata ko jam'iyyun je-ka-na-yi-ka. Waɗannan biyu na ƙarshe suna da muhimmanci ga wannan nazari, domin zargin da ke cikinsu shi ne an kira abu ƙawance alhali ƙanwar rana aka samu.

4.0 Abin da Tarihi Ya Nuna

A zamanin mulkin En'e, Nguru tana ƙarƙashin En'en Barno, Gashuwa kuwa tana da tata ta Bade, amma dukkansu a Lardin Barno suke. Ƙawance na farko da ya shafi wannan lardi shi ne na NEPU da ƙungiyar samarin Barno, BYM, wadda aka kafa a 1954 don neman gyara a mulkin En'e. Ƙungiyar ta yi ƙarfi ne a 1956, lokacin da Ibrahim Imam, tsohon babban sakataren NPC, ya shige ta, kuma a zaɓen majalisar Jihar Arewa na wannan shekara ƙawancen ya ci kujeru biyu a Barno. Rabon aikin a fili yake: BYM tana magana da Barebari da harshensu a kan En'ensu, NEPU kuwa tana da Hausa da fatake da garuruwan bakin dogo. Amma a 1958 BYM ta juya ga AG ta Awolowo. Da yake NEPU tana da nata ƙawancen da NCNC tun 1954, kuma NCNC da AG ba sa ga maciji da juna, sai igiyar ta tsinke. A nan an ga wani rauni da al'adar ƙawance ba ta san shi ba. Mace tana iya yin ƙawaye da dama ba tare da ɗaya ta hana ɗaya ba, amma ƙaramar jam'iyya da ke neman kuɗi da motoci da lauyoyi daga babba ba ta da wannan 'yanci.

Misalin da ya fi fitowa fili na ƙawance a zaɓen majalisar gari a tsohuwar Jihar Arewa ba a Barno ya faru ba, a Ilori ne, kuma ya cancanci a kawo shi domin darasinsa ya shafi ko'ina. A can ƙungiyar talakawa mai suna Ilorin Talaka Parapo ta ƙulla ƙawance da AG, suka sami rinjaye a majalisar En'e a zaɓen 1957. Sunan ƙungiyar ma abin nazari ne, domin ya haɗa kalmar talaka da kalmar Yarabanci mai nufin haɗuwa. Bayan nasara sai batun mayar da Ilori Jihar Yamma, wanda shi ne burin babbar ƙawar, ya danne buƙatun cikin gida, ƙungiyar ta rabu, gwamnatin Kaduna kuma ta rushe majalisar a 1958.

A Jamhuriya ta Biyu, GNPP ta Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, ita ta kafa gwamnati a Jihar Barno a 1979 da Gwamna Muhammadu Goni. A 1982 aka kafa ƙawancen PPA tsakanin UPN da NPP da ɓangarorin GNPP da PRP. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ƙi yi wa sabuwar jam'iyyar da wasunsu suka nemi kafawa rajista, su kuma suka kasa daidaitawa a kan ɗan takara ɗaya tsakanin Awolowo da Azikiwe. Goni ya tsaya a inuwar UPN a 1983, ya sha kaye a hannun Asheik Jarma na NPN. Duk tsawon wannan jamhuriya ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, kwamitocin riƙo gwamnoni suka naɗa, don haka ba a taɓa gwada ƙawancen a matakin mazaɓa ba.

An ƙirƙiro Jihar Yobe a ranar 27 ga Agusta, 1991, a zamanin da soja suka taƙaita siyasa ga SDP da NRC, babu ƙarama balle ta nemi ƙawa. Daga 1999 kuwa jihar ta kasance a hannun zuriya ɗaya ta siyasa, daga APP zuwa ANPP zuwa APC. Wannan ya sa kalmar ƙaramar jam'iyya ta sami ma'ana ta musamman a nan, domin PDP, wadda ta riƙe Gwamnatin Tarayya shekara 16, 'yar adawa ce a Yobe. Gwagwarmaya mai zafi takan koma cikin gidan jam'iyya mai mulki, kamar yadda aka gani a rikicin takarar sanatan Yobe ta Arewa tsakanin Bashir Machina da Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa, wanda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Fabrairu na 2023.

5.0 Takardar Ƙuri'a Ba Ta San Ƙawance Ba

Tsarin Mulkin 1999 bai yarda kowace ƙungiya ta nemi ƙuri'a ba sai jam'iyya mai rajista, kuma gaban kowane gurbi a takardar ƙuri'a alama ɗaya ce. Doka ta san maja, ta tsara yadda ake yin ta. Ba ta hana ƙawance ba, amma ba ta ba shi gurbi ba. An ga haka a zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 1999, inda AD da APP suka tsayar da Olu Falae da Umaru Shinkafi: ɗan takarar na AD ne, amma alamar APP aka dangwala wa. A yankin da yawancin masu zaɓe da alama suke sanin jam'iyya, tun daga fartanya da tauraro har zuwa masara da lema da tsintsiya, ɓacewar alamar jam'iyya daga takarda daidai yake da ɓacewarta daga idon jama'a.

Don haka a aikace ƙawance yana komawa ga aikatau guda:

(4) Ɗan takararmu ya janye wa nasu.
(5) Mun mara musu baya.

A jimlolin biyu akwai mai yi da wanda aka yi wa, kuma ba sa musanya gurbi. Nahawun kansa ya fallasa abin da sunan ya ɓoye. Kalmar ƙawance tana buƙatar juna, su kuwa janye wa da mara wa baya hanya ɗaya suke bi. A kujerar ciyaman, wadda guda ɗaya ce tak, babu yadda za a yi jam'iyyu uku su janye wa juna.

To me ya sa ƙananan jam'iyyu suke damuwa da wannan zaɓe? Domin rayuwarsu ta sha rataya a kansa. Zaɓen ƙananan hukumomi na 5 ga Disamba, 1998, shi aka yi ma'auni da shi wajen tace jam'iyyu tara, aka bar uku, wato PDP da APP da AD. Daga baya sashe na 225A na tsarin mulki ya ba hukumar INEC ikon soke rajistar jam'iyyar da ta gaza cika wasu sharuɗɗa, mafi sauƙinsu shi ne cin kujerar kansila ɗaya. Da wannan sashe aka soke jam'iyyu 74 a watan Fabrairu na 2020, aka bar 18. Ke nan kujerar kansilan Bulabulin ko ta Katuzu tana iya zama abin da zai raya jam'iyya a faɗin ƙasa. Jam'iyyar da ta janye wa wata a ko'ina, da sunan ƙawance, ta sa hannu a takardar mutuwarta.

Sai dai akwai shinge na biyu. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya wannan zaɓe, gwamna ne kuma ke naɗa shugabanninsu, kuma abin da aka saba gani a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke mulki, shi ne ta lashe kujerun ciyamomi gaba ɗaya. Yobe, mai ƙananan hukumomi 17 da mazaɓu 178, ba ta fita daga wannan al'ada ba. Hausa ta tanadi sunaye ga wannan ma: ɗauki-ɗora, da naɗi, da kuma sak, wadda ta yi tashe a 2015 da ma'anar zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, kishiyar wake da shinkafa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya haramta kwamitocin riƙo ya kuma ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa kujerun daraja, amma bai taɓa batun wanda ke ƙirga ƙuri'a ba.

6.0 Inda Kalmar Ke Iya Cika Ma'anarta

Kujerun kansiloli su kaɗai ne wurin da ƙawance zai iya zama ƙawance. Da yake mazaɓun goma ne, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke ci ko da bai kai rabi ba, jam'iyyu suna iya raba su: wannan ta janye a unguwar da ba ta da jama'a, waccan ta rama mata a wata. A nan ne kawai jimla ta (6) take zama gaskiya:

(6) Sun janye wa juna.

Irin wannan yarjejeniya ba ta da kariyar kotu. Abin da ke riƙe ta shi ne idon shaidu, na dattawan unguwa da shugabannin 'yan kasuwa da masunta da direbobi, waɗanda a gabansu aka yi magana. Saboda haka kalmar da aka furta a wurin zaman ita ce dukkan takardar. Wanda ya ji ƙawance zai sa ran a rama masa, ya kuma ɗauki rashin ramuwa a matsayin cin amana. Wanda a ransa haɗaka yake nufi zai ga cewa tun da shi ya zuba kuɗin motoci da na wakilan akwati, kaso mafi tsoka nasa ne. Haɗarin saɓanin ya fi yawa a wuri irin Nguru da Gashuwa, inda mai magana zai iya ƙwarewa a Hausar kasuwa da ta rediyo ba tare da ya taso cikin al'adar da ta haifi kalmar ba, kuma rediyon da ya koya daga gare shi bai bambanta su ba.

Wannan nauyi ne a kan masu fassara da masu tsara ƙamus. Ya kamata a keɓe maja ga rushewar jam'iyyu su zama ɗaya, gamayya ga majalisar tuntuɓa, haɗaka ga zuba ƙarfi a inuwar jam'iyya guda, mara baya ga goyon da ba shi da ramuwa. Rabon mazaɓu kuwa, 'yan siyasa sukan kira shi ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, sau da yawa da sigar raini, kamar ciniki ne maras mutunci. Manda gishiri ne baƙi da fatake ke kawowa ƙasar Hausa daga Barno, kuma masu musayar nan biyu kowa yana riƙe da abin da ɗayan ba shi da shi. A cikin duk tsare-tsaren da aka ambata, wannan ne kaɗai ke barin kowace jam'iyya da alamarta a takardar ƙuri'a, kuma shi ya fi cancantar a kira shi ƙawance.